ZARE: Yadda titunan Tokyo suka iso gidan gem a Birnin Kebbi

1/
Jama'a ku matso kusa. Ban taɓa taka ƙasar Japan ba, ko fasfo ba ni da shi. Amma in ka aje ni kan titin C1 na Tokyo da dare, na san inda kwana take, na san inda ramin ƙarƙashin ƙasa ya fara, na san inda ake taka burki. A wani shago mai rufin kwano nan Birnin Kebbi na haddace shi. Zaren dogo ne, ku nemi wurin zama 🧵

2/
Abin da ya tado maganar: a Janairun 2025 kamfanin Genki ya fito da sabon Tokyo Xtreme Racer, bayan sama da shekara 18 ba su yi babba irinsa ba. Tun daga nan TikTok ɗina ya cika da tsofaffin motocin Japan. Ƙanena ya leƙa wayata ya ce, "Yaya, mi ne daɗin wanga tsohon abu? Ko fuskar direba ba a gani." Na rasa amsa a take. Ga ta nan yanzu.

3/
Mu fara da shagon. Talabijin huɗu masu ƙeya, PS2 huɗu, benci biyu, fanka ɗaya da ba ta kai iska ko'ina. Kusan kowa ƙwallo ta kawo shi, Winning Eleven ko PES, wanda shi ma na Konami ne, 'yan Japan. Talabijin ta ƙarshe, wadda kalarta ta fara kore, ita ce ta 'yan mota. Mu ne ba mu iya ƙwallo ba, gaskiya ɗaya ce.

4/
Faifan kuwa ba mu san sunansa ba. An rubuta "RACE 2" da maka a kansa. Sai da na girma na gane Tokyo Xtreme Racer Zero ne na 2001. Lokacin da munka same shi ya haura shekara goma a duniya. (Kanawa ku yi haƙuri da "munka", a gida nake.)

5/
To, tarihi. Kafin gem akwai titi. A Disamban 1962 aka buɗe sashen farko na babbar hanyar Shuto a Tokyo, kilomita 4.5 kacal, ana shirin wasannin Olamfik na 1964. Babu fili a birnin, sai aka ɗora hanyar a sama bisa ginshiƙai, wani wurin a kan kogi, wani wurin ta nutse ƙarƙashin ƙasa. A 1967 zoben tsakiya, wato C1, ya haɗe. Kusan kilomita 15 ne.

6/
Ku lura da wannan: zobe ne. Ba danja, ba mahaɗa, ba mai tsallaka titi. In ka biya kuɗin shiga sau ɗaya kana iya ta zagaye. Injiniyoyi sun gina shi don ma'aikata su isa ofis da wuri, ba su san sun gina wa matasa filin tsere ba.

7/
Sai kuɗi. A Satumban 1985 manyan ƙasashe biyar suka yi yarjejeniyar Plaza a Amurka don a karya darajar dala. Cikin shekara uku yen ya kusa ninka ƙarfinsa. Babban bankin Japan ya sauke kuɗin ruwa, bashi ya yi arha, farashin filaye da hannun jari ya haukace. Ranar 29 ga Disamba 1989 ma'aunin Nikkei ya kai 38,915. Bai sake ganin wannan lambar ba sai Fabrairun 2024.

8/
Kamfanonin mota suka samu kuɗin da ba su san yadda za su yi da shi ba, sai suka sakar wa injiniyoyi mara. Dubi abin da ya fito a ɗan tsakanin nan: Skyline GT-R R32 a 1989, Honda NSX a 1990, Mazda RX-7 FD a 1991, Lancer Evolution da Impreza WRX a 1992, Supra A80 a 1993. Duk motar da kake gani a hoton bangon wayar abokinka, daga wannan kakar take ko 'yarta ce.

9/
Ga wurin da ya fi burge ni. A 1988 mutanen da hatsarin mota ya kashe a Japan suka haura 10,000. Kamfanoni suka ji tsoron gwamnati za ta ɗaure su da doka, sai suka yi alkawari a tsakaninsu: daga 1989 ba wanda zai tallata mota a cikin gida da ƙarfin da ya wuce doki 280. Gudu kuma an riga an ƙayyade shi a kilomita 180 cikin awa.

10/
Alkawarin a takarda ya tsaya. Injin da suka zuba a GT-R da Supra an gina shi ya ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba. Kamar a sayar maka da ingarman doki an ɗaure masa ƙafa, a kuma nuna maka inda ƙullin yake. Makanikai suka fara kwancewa: a canza turbo, a taɓa kwamfutar injin, a buɗe salansa. Al'adar gyaran mota da duk gem ɗin nan suka ginu a kai, nan ta yi ƙarfi. Sai 2004 aka yi watsi da alkawarin.

11/
Daga nan kasuwa ta faɗi a farkon shekarun 1990. Ayyuka suka ragu, albashi ya tsaya. Amma motocin suna nan, kuma na hannu sun yi arha. Saurayi mai aiki a gidan mai yana iya tara kuɗi ya sayi tsohuwar Silvia. Da rana ba kowa ba ne, da dare yana da suna a titi. Ana ce musu hashiriya, wato 'yan gudu.

12/
Gida biyu suke. Akwai 'yan babbar hanya, masu C1 da Wangan, doguwar hanyar bakin teku inda ake neman kilomita 300. Akwai 'yan toge, hanyoyin kan dutse masu kwana kamar maciji, inda ƙarfin inji bai da amfani in hannunka bai iya ba. A nan dirif ya girma, wato ka sa bayan mota ya zame da gangan kana riƙe da ita da sitiyari da totur. Keiichi Tsuchiya a nan ya koyo, kuma bidiyonsa na 1987 mai suna Pluspy ya yaɗa abin.

13/
Kowane gida ya samu littafinsa na zane. Wangan Midnight na Michiharu Kusunoki ya fara a 1990, labarin wata tsohuwar Fairlady Z S30 da ake cewa tana da aljanu, tana cin masu ita. Initial D na Shuichi Shigeno ya fara a 1995, ya ƙare a 2013.

14/
Tsaya, wannan Z ɗin tana da tarihi a nahiyarmu. Ita ce Datsun 240Z a kasuwar waje, kuma ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, cikin laka da ƙura. A 1975 kuma Peugeot 504 ta ci, motar da iyayenmu ke rantsuwa da ita. Wato tun kafin a yi waɗannan gem ɗin, a ƙasar Afirka motar Japan ta nuna wa duniya ba gwangwani ba ce.

15/
Initial D kuwa, wanda bai sani ba: Takumi yaro ne ɗan sakandare, babansa na sayar da tofu. Tofu awara ce, jama'a. Awara. Kullum da asuba yana kai awara otal a kan dutse da tsohuwar Toyota AE86, baban ya aje masa kofin ruwa a mota ya ce kada ya zube. Bai ma son mota. Sauri yake ya dawo ya yi barci, a haka ya zama gwanin da ba a kamawa.

16/
AE86 kuma ba wata tsiya ba ce: dangin Corolla ce ta 1983 zuwa 1987, inji lita 1.6, doki wajen 130, tayun baya ke ja. Ranar da na gane cewa jarumin duk labarin ɗan aiken awara ne a cikin Corolla, na daina jin abin na wasu ne. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Argungu da sassafe, but cike da kifi, direba na kauce wa rami ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, ya san Takumi.

17/
Yanzu gem. Zan wuce da sauri kan na farko. OutRun na Sega, 1986, aikin Yu Suzuki: jar Ferrari, bakin teku, kai ke zaɓen waƙa a rediyo kafin ka tashi. Ridge Racer na Namco, 1993, ya raka PlayStation ta farko kasuwa a Disamban 1994. Dukan gem ɗin na shigewa ƙwaƙwalwar na'ura, har kana iya cire faifan ka sa na waƙarka kana tuƙi.

18/
Gran Turismo, Disamban 1997. Kazunori Yamauchi da 'yan tawagarsa sun shekara biyar suna gina shi, ya sayar da sama da miliyan 10, ya fi kowane gem na PS1 kasuwa. Abin da ya kawo sabo: ba a ba ka Ferrari. Ana ba ka kuɗi 10,000 a tura ka kasuwar motocin hannu. Ka sayi tsohuwar Civic ko Silvia, ka ci ƙananan tsere, ka sa taya, ka sa burki. Har jarrabawar lasin sai ka yi.

19/
Ku gaya mini wane Bahaushe ne bai gane wannan tsarin ba. Ka fara da ta hannu, ka lallaɓa ta, ka ƙara mata abu ɗaya duk sanda kuɗi suka shigo. Rayuwar duk mai mota a unguwarmu ke nan.

20/
Sai nawa, Shutokou Battle, wanda Turawa suka sa wa Tokyo Xtreme Racer. Ya fara a 1994, amma siffar da muka sani ta zo a Dreamcast a 1999. Ba layin farawa, ba layin ƙarshe, ba tuta. Kana yawo a titi da dare cikin manyan motoci da tasi. Ka hango wata mota da tambari a bayanta. Ka matsa, ka yi mata fitila. Shi ke nan an fara.

21/
Kowa na da sandar ƙarfin zuciya a saman allo. In an wuce ka, taka na raguwa. In tazara ta yi yawa, tana zuba kamar tulu ya fashe. In ka goga bango, ta ragu. Wanda tasa ta ƙare ya faɗi. Ana iya gamawa cikin daƙiƙa 20, ana iya kai minti biyar ana jan rai. Ba gudu kawai ake aunawa ba, wa zai fara karaya ake nema.

22/
Abokan hamayya ɗaruruwa ne, ƙungiya-ƙungiya, kowa da laƙabinsa da ɗan tarihinsa. Sai ka kayar da yara shugaba ke fitowa, shi zai yi maka fitila daga baya. Wallahi ranar da aka fara yi mini, hannun gem ɗin ya jiƙe da zufa. Akwai kuma wasu 'yan kaɗaici da ba sa fitowa sai ka cika sharaɗi: wata rana ta musamman, ko wata irin mota. Ba mu da intanet, Turancinmu bai kai ba. Da jita-jita muke nemansu kamar masu farautar aljanu.

23/
Wani abin dariya: a Zero motocin ba su da sunan kamfani, sai lambar ƙirar jiki. Shi ya sa yaro ɗan aji biyar a Birnin Kebbi, wanda jadawalin bakwai ke ba shi wahala, ya san BNR34 da JZA80 da FD3S. Malamin lissafinmu da ya ji da ya yi kuka.

24/
Don adalci, yawancinku ba ta nan kuka shigo ba. Ta Need for Speed kuka shigo: Underground na 2003, Underground 2 na 2004, Most Wanted na 2005. A Kanada aka yi su, ba Japan ba. Amma cire BMW ɗin da Razor ya ƙwace maka, dubi garejin Underground: Skyline, Supra, RX-7, Civic, 350Z. Amurka ta ari al'adar ta sa mata fitilu masu kala da hip-hop, fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya tallata ta, mu kuma muka karɓa daga hannu na uku.

25/
Me ya sa ya iso mana a makare? PS2 ta fito a Maris 2000, ta sayar da sama da miliyan 150, ba a daina ƙera ta ba sai wajen 2013. Da Turai da Amurka suka koma PS3, tsofaffin suka gangaro mana kamar yadda gwanjo ke gangarowa. A sa mata cif, ta karɓi kofin faifai, daga baya ma filas. Ba ta son intanet, ƙaramin janareta na ɗaukar huɗu. Na'urar da ta dace da mu ke nan.

26/
Wato motocin cikin gem na hannu ne, na'urar ta hannu ce, gem ɗin kansa na hannu ne. Har kewar da muke ji yanzu ta hannu ce. Muna kewar Tokyo ta shekarun 1990, garin da ba mu taɓa gani ba, a zamanin da ba a haife mu ba. Na daɗe ina jin kunyar wannan. Yanzu na daina, don na gane ba Tokyo nake kewa ba. Bencin nan nake kewa, da ihun da ake yi in an ɗauke wuta kana gab da kayar da shugaba ba ka yi sebin ba.

27/
Akwai kuma dalilin da ya fi wannan sauƙi. Motocin danginmu ne. Titin Ahmadu Bello cike yake da Corolla da Civic da Accord da Camry, har mun raɗa musu suna: Hala, Baby Boy, End of Discussion, Muscle. Lamborghini a gem mafarki ce. Civic a gem kuwa motar maƙwabcinmu ce da ta samu gata.

28/
Amma ainihin jaruman ba za su zo ba. Skyline R34 sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuma ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, motocinmu sitiyari a hagu. Ga farashi: dokar Amurka ta hana shigo da irinsu sai sun cika shekara 25, R34 ta farko ta cika a 2024, yaran da suka taso da Gran Turismo yanzu su ne masu kuɗi. Motar da ɗan gidan mai ke saye jiya ta koma ta attajirai.

29/
Kada a ce mu 'yan kallo ne kawai. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya daɗe da wuce kifi da ƙwarya a Matan Fada. Akwai tseren kwalekwale, akwai kokawa, akwai kuma tseren motoci. Da bikin ya dawo a Maris 2020 bayan kusan shekara goma, an taso da ayarin motocin daga Abuja har Argungu, motocin da aka haɗa a Najeriya.

30/
Hukumar da ta shirya shi, NADDC, a lokacin Jelani Aliyu ke shugabantarta. Mutumin Sakkwato ne, kuma a kwalejin fasaha ta nan Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit ya karanta zanen mota. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt da General Motors ta nuna a 2007. Yaro mai zanen mota a bayan littafi ba lallai ɓata lokaci yake ba. Na so a ce Baba ya san haka lokacin da ya kama ni.

31/
Ina bakin hanya ranar, cikin rana da ƙura. Ba gudun C1 ba ne, ba kusa ba. Amma karon farko ke nan da na ga mota da lamba a ƙofa, jami'ai sun buɗe mata hanya, ba wanda ke tsinuwa. Kwana kaɗan bayan haka korona ta rufe komai.

32/
Yanzu ɓangaren da ba na son rubutawa. Mu ma muna da hashiriya, sai dai ranar ɗaurin aure suke fitowa. Kun san su. Ayarin ango, a ja burkin hannu a tsakiyar titi, mota ta juya, 'yan babur su ɗaga tayar gaba, mutum huɗu a tagogi, yara na bi da gudu.

33/
Ɗan ƙanin babana yana cikinsu. Tare muka zauna a bencin nan, ya fi ni iya gem nesa. A wani biki ya ari mota, ya ja burkin hannu a kan kwalta mai yashi. Motar ta yi abin da mota ke yi. Ta kwashe wani ɗan kabu-kabu da ke tsaye yana jiran fasinja, mai 'ya'ya uku. Bai mutu ba, alhamdu lillahi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma babur ɗin ba nasa ba ne. Gonar gado aka sayar aka yi magani da biyan diyya.

34/
A asibiti Baba ya kalle ni ya ce, "Kai, ga wasan naku nan." Ban ce komai ba. Na shekara biyu ban taɓa gem ɗin mota ba.

35/
Har yau ina juya maganar. Ban yarda gem ne ya ja burkin ba. Ana wannan wasa a biki tun kafin PS2 ta zo garin nan, kuma kafin mota da doki ake yi. Amma ba zan yi ƙarya ba, akwai abin da gem ɗin ya ɓoye mana. A C1 ɗinmu ba mai tafiya a ƙasa, ba ɗan kabu-kabu, ba mai tallan awara. In ka daki bango sandarka ce kawai ke raguwa. Titin da ba kowa a kansa sai kai da abokin hamayya, a faifai kaɗai yake.

36/
Japan ma ta biya nata. Mutane sun mutu a Wangan da kan duwatsu, cikinsu har da waɗanda ba ruwansu. Aka zuba kyamarori, aka sa tudun rage gudu a kwanonin toge, a 2001 aka yi dokar da ta mai da kisa ta hanyar tuƙin ganganci babban laifi. A daidai wannan lokacin aka fara gasar D1 Grand Prix, Tsuchiya na cikin waɗanda suka kafa ta, dirif ya koma fili mai shinge da alƙalai da hular kwano. Filin Ebisu a Fukushima har yau mutane na zuwa daga ƙasashe su koya.

37/
Wato sun yi abu biyu tare, sun rufe titi sun buɗe fili. Mu na farkon kawai muke gwadawa, shi ma sai an yi hatsari. Jihar da ke iya tara dubban masunta a kogi ɗaya, a harba bindiga su faɗa ruwa a tare, a auna kifi a ba da kyauta, ban ga abin da zai hana ta kewaye fili ɗaya a bayan gari ta ce wa yaran nan ga wuri, ga hula, ga doka ba. Ra'ayina ne, ku zo mu yi musu a ƙasa.

38/
Shagon yanzu wurin cajin waya ne da POS. Na tambayi mai shi ina talabijin mai koren kala, ya yi dariya ya ce 'yan jari-bola sun daɗe da narkar da ita. Memorin dai yana hannuna, megabait 8, akwai RX-7 fara a ciki da ba ta da inda za ta fita.

39/
Daren jiya na sa wa ƙanena Zero a kwamfutata ta makaranta, fanka na kuka kamar za ta tashi sama. Na nuna masa maɓallin fitila na tafi sallar isha'i. Na dawo na tarar ya kayar da mutum shida, yana tambayata wace ce wannan baƙar motar da ke bin sa a baya tana masa fitila.

40/
Wa ya yi gidan gem a Badariya, Gesse, Rafin Atiku ko Argungu? Wane faifai ne a talabijin ɗinku ta ƙarshe, kuma nawa ake biya a zamaninku? Ku ajiye a ƙasa. In akwai mai PS2 da ke aiki a cikin gari, ya yi mini magana, ina son in ga ko memorin nan na karantuwa.